Tankoki da Jiragen Yaƙin Wasannin Bidiyo a Tarihin Birnin Lome

1.0 Gabatarwa

Wasannin yaƙi na kwamfuta da na wayar hannu sun shiga unguwannin Hausawa na Afirka ta Yamma kamar yadda suka shiga sauran sassan duniya. A cikin waɗannan wasanni, kowace tanka da kowane jirgi yana zuwa da alƙalumansa: kaurin sulke, ƙarfin igwa, gudu da farashi. Wanda ya tara maki sai ya sayi makami mafi ƙarfi, kuma galibi mai makami mafi ƙarfi shi ke yin nasara. Da yawa daga cikin waɗannan makamai na gaske ne, wasunsu ma sun ratsa tarihin ƙasar Togo. Wannan maƙala za ta ɗauki huɗu daga ciki, wato tankokin T-55 da Scorpion da jiragen Alpha Jet da Su-25, ta bi sawunsu daga masana'anta zuwa Lome da maƙwabtanta. Manufar ita ce a nuna cewa a tarihi, alƙaluman makami ba su ne ke yanke hukunci ba. Abin da ke yankewa shi ne wanda ya sayi makamin, da wanda ya tuƙa shi, da wanda aka juya wa bakinsa. Daga ƙarshe za a duba kalmomin da Hausa ke amfani da su a wannan fage.

2.0 Zangon Lome

Fatake Hausawa sun fara zama a Lome tun cikin shekarun 1880, kafin Jamusawa su mayar da garin hedikwatar mulkinsu a 1897. Unguwar da suka kafa ita ce Zango, wadda mutanen ƙasar ke kira Zongo. Ginshiƙin unguwar shi ne tsarin masu gida da dillalai, musamman a cinikin shanu da goro, kamar yadda masanin nan Bafaranshe Michel Agier ya bayyana a littafinsa na 1983. A shekarar 1977 gwamnatin Janar Gnassingbé Eyadéma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka mayar da mutanensa wani wuri mai nisan kimanin kilomita 15 a arewa da birnin.

Dalilin kawo wannan bayani shi ne, arzikin Zango a kan hanya yake. Iyakar Gana, wato Aflao, tana manne da Lome ta yamma, hanyar Kwatano da Legas ta bi ta gabas, ta Burkina Faso da Nijar kuwa ta yi arewa. Duk ranar da tanka ta fito titi aka rufe iyaka, falke shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa.

3.0 Tankoki biyu: T-55 da Scorpion

Tankar T-54 ƙirar Tarayyar Sobiyet ce ta ƙarshen shekarun 1940, wadda aka inganta ta koma T-55 a 1958. Nauyinta kimanin tan 36 ne, faɗin bakin igwarta milimita 100, kuma mutum huɗu ke aiki a cikinta. Babu wata tanka a tarihi da aka ƙera da yawa kamarta, domin adadin ya doshi dubu ɗari idan aka haɗa da waɗanda aka yi a Folan da Cakoslobakiya. Saboda arha da sauƙin gyara, ta bazu a Afirka. Mai wasan World of Tanks, wanda kamfanin Wargaming ya fitar a 2010, ko War Thunder na kamfanin Gaijin, ya san ta sarai.

Ita kuwa Scorpion, wato kunama, kamfanin Alvis na birnin Coventry a Ingila ne ya ƙera ta, ta fara aiki a rundunar Birtaniya a 1973. Nauyinta bai wuce tan 8 ba, domin da gorar ruwa aka yi jikinta, igwarta milimita 76 ce, mutum uku ke cikinta, kuma tana gudun da ya kai kimanin kilomita 80 a sa'a. Idan aka kwatanta da rundunar dawakin ƙasar Hausa ta dā, T-55 ita ce ɗan lifida mai nauyi da ke fasa sahu, Scorpion kuwa barde ne mai saurin kai-komo da leƙen asiri. Nijeriya da Togo duk sun sayi Scorpion, sannan Togo ta mallaki 'yan ƙalilan daga dangin T-54 da T-55. Akwai tanka mai suna Scorpion a wasan Command & Conquer: Generals na 2003, sai dai suna kawai suka haɗa, domin ta wasan ƙirar masu zane ce.

A cikin wasa, tanka da tanka ake gwabzawa a fili. A Lome kuwa, ranar da aka fi tunawa da tankoki babu wata tankar abokan gaba a gabansu. Babban taron ƙasa da aka yi a watannin Yuli da Agusta na 1991 ya rage ikon Eyadéma, ya naɗa lauya Joseph Kokou Koffigoh firaminista na riƙon ƙwarya. A ƙarshen Nuwamba sojoji suka kewaye fadar firaministan, ranar 3 ga Disamba kuma suka far mata da tankoki, aka yi asarar rayuka, aka kama shi aka kai shi gaban shugaban ƙasa. Rikicin bai tsaya nan ba. An shiga yajin aikin gama-gari a Nuwamba 1992 wanda ya ɗauki kusan wata tara, sannan harbe-harben Janairu 1993 suka sa dubban ɗaruruwan mutane suka tsere zuwa Gana da Jamhuriyar Binin. Ƙasar da ba ta da tankoki masu yawa, 'yan kaɗan ɗin da take da su sun isa su juya akalar siyasarta, domin waɗanda ke gabansu farar hula ne.

4.0 A-kori-kura da jirgin da bai taɓa yaƙi ba

Wasan Generals ya ba da wasu misalai biyu masu koyar da darasi. Na farko jirgi ne mai saukar ungulu mai suna Comanche, wanda wasan ya ba rundunar Amurka a matsayin makami mai ban tsoro. A zahiri, guda biyu kacal aka ƙera na gwaji, kuma a watan Fabrairu na 2004 gwamnatin Amurka ta soke aikin bayan kashe kusan dala biliyan 7. Jirgin bai taɓa zuwa fagen daga ba.

Na biyu ita ce motar a-kori-kura mai ɗauke da bindiga, wadda wasan ya sa a sahun makamai mafi arha da rauni. To amma a arewacin Cadi, ranar 2 ga Janairun 1987, dakarun Cadi ƙarƙashin Hassan Djamous sun afka wa sansanin Libiya a garin Fada da motocin Toyota ɗauke da makamai masu linzami samfurin MILAN na Faransa, suka lalata tankokin T-55 gommai. A watan Maris suka kuma karɓe babban sansanin Wadi Dum. Abin da ya ba su nasara shi ne gudu da sanin hamada, ga kuma sojojin da suka san dalilin da ya sa suke yaƙi. Wannan ne ya sa ake kiran wannan zango na rikicin Yaƙin Toyota. Da alƙaluman wasa za a bi, da tankar ce za ta yi nasara.

5.0 Alpha Jet

Kamfanin Dassault na Faransa da Dornier na Jamus ne suka haɗa hannu suka ƙera Alpha Jet, wanda ya fara tashi ranar 26 ga Oktoban 1973. Ƙaramin jirgi ne mai inji biyu da kujera biyu. Faransawa sun so shi don horar da matuƙa, Jamusawa kuwa don kai hari a ƙasa. Togo ta karɓi guda 5 a farkon shekarun 1980, ta ajiye su a Niamtougou da ke arewacin ƙasar, ita kuwa Nijeriya ta sayi 24. Sai a 2024 wasan War Thunder ya shigar da shi cikin jerin jiragensa, inda yake ƙasa da manyan jiragen zamani ta fuskar gudu da makamai.

Tarihinsa a yankinmu ya nuna fuska biyu. A daren 23 ga Satumban 1986, wasu mutane ɗauke da makamai sun tsallako daga ɓangaren Gana suka kai hari Lome da nufin kifar da gwamnati. Duk da jiragen da Togo ta mallaka, Eyadéma ya nemi agajin Faransa, wadda ta aiko da sojojin laima da jiragen Jaguar, haka kuma Zayar ta Mobutu ta aiko da nata dakarun. A ɗaya ɓangaren, jiragen Alpha Jet na Nijeriya sun taka babbar rawa a ƙarƙashin rundunar ECOMOG a Laberiya da Saliyo cikin shekarun 1990, domin 'yan tawayen da suke fuskanta ba su da jiragen da za su tare su. Jirgin da wasa ke ɗauka ƙarami ya zama sarkin sama a inda babu kishiya. Amma shi ma bai ƙare yaƙin ba, sai da aka zauna teburin sulhu, kuma a birnin Lome ne gwamnatin Saliyo da 'yan tawayen RUF suka sa hannu kan yarjejeniya ranar 7 ga Yulin 1999.

6.0 Su-25 da mutanen da aka tsare a Lome

Jirgin Su-25 na kamfanin Sukhoi ya fara tashi a 1975, ya shiga aiki a 1981, kuma ya yi suna a yaƙin Afganistan. An yi shi ne don ya sauko ƙasa-ƙasa ya bugi dakarun da ke tudu, shi ya sa aka kewaye kujerar matuƙinsa da sulke mai kauri. Cadi ta mallake shi, Nijar ma ta sayi biyu a 2013. Wasan DCS World yana ba da wani samfurinsa kyauta ga duk mai son koyon tuƙi.

Ranar 6 ga Nuwamban 2004, lokacin yaƙin basasar Kodebuwa, jiragen Su-25 guda biyu na gwamnatin Laurent Gbagbo sun yi ruwan wuta kan sansanin sojojin Faransa a garin Bouaké. Sojojin Faransa tara da wani Ba'amurke farar hula suka mutu. A ranar ce Faransawa suka lalata jiragen biyu a filin jirgin Yamoussoukro, kuma ranar 15 ga watan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta sayar wa ƙasar makamai. Sai labarin ya iso Togo. A tsakiyar watan, jami'an ƙasar sun tsare mutum takwas 'yan Belarus da suka shigo ta iyakar Gana, bisa zargin cewa sojojin haya ne masu hannu a harin. Ministan cikin gida na lokacin, François Boko, ya riƙe su kusan mako biyu, ya sanar da hukumomin Faransa, amma ba a nemi a miƙa su ba, aka sake su. A watan Afrilun 2021 wata kotu a Faris ta yanke wa matuƙa uku hukuncin ɗaurin rai-da-rai, wato Yury Sushkin ɗan Belarus da hafsoshin Kodebuwa biyu, ba tare da ko ɗaya daga cikinsu ya bayyana a gabanta ba. Shari'ar ba ta tabbatar da wanda ya ba da umurnin harin ba.

A nan ne giɓin da ke tsakanin wasa da tarihi ya fi fitowa fili. A wasa, mai latsa maɓalli shi ne matuƙi, shi ne kuma mai umurni. A Bouaké, jirgin ƙirar Sobiyet ne, kuɗin na Kodebuwa ne, matuƙin ɗan haya ne daga Belarus, hanyar tserewa kuma ta bi ta iyakar da fataken Zango ke ratsawa da kayansu.

7.0 Kalmomin wannan fage a Hausa

Ɗalibin harshe zai lura cewa Hausa ta bi hanyoyi uku wajen sa wa waɗannan makamai suna. Ta farko ita ce aro, kamar tanka, bam, roka da gurneti. Da yake tanka tana nufin motar dakon mai ma, sai ake cewa tankar yaƙi don a bambanta. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma. Sulke rigar ƙarfe ce ta mahayin doki, yanzu ga mota mai sulke. Linzami na bakin doki ne, yanzu ga makami mai linzami, wato wanda ake sarrafa tafiyarsa bayan an harba shi. Jirgi ma na ruwa ne tun asali, kafin a samu na ƙasa da na sama. Hanya ta uku ita ce ƙirƙira ta siffantawa, kamar jirgi mai saukar ungulu, sojan laima da sojan haya. A Lome da Nijar akan ji wasu kalmomin aro daga Faransanci a bakin masu magana, yayin da na Nijeriya suka fi aro daga Ingilishi, amma kalmomin hanya ta biyu da ta uku kowa yana gane su.

8.0 Kammalawa

An ga yadda makamai huɗu da matasa suka sani a allon wasa suke da tarihi a Togo da kewayenta. Masu shirya wasanni sukan yi ƙoƙari wajen kawo siffa da nauyi da girman igwa daidai, don haka wasan na iya zama ƙofar shiga ga mai son sanin tarihi. Sai dai sunan makami mafari ne kawai. Ɗalibin da ya ci karo da T-55 ko Su-25 ya kamata ya tambayi shekarar da ya shigo ƙasa, da wanda ya biya kuɗinsa, da wanda ya tuƙa shi, da kuma waɗanda suke gabansa ranar da aka harba shi. Dattawan Zangon da suka ga 1986 da 1991 da 1993 suna da amsoshin wasu daga cikin waɗannan tambayoyi, kuma tattara bayanansu da Hausa aiki ne da ya dace ɗaliban wannan sashe su ɗauka tun masu labarin suna raye.