Mutuwa da ɗan koli: hotunan Holbein da waƙoƙin wa'azinmu



A shekarar 1538 aka buga wani ɗan littafi a birnin Liyon na Faransa, mai hotuna 41. Wani Bajamushe, Hans Holbein, ne ya zana su a Basel, aka sassaƙa su a katako, ana shafa tawada a danna wa takarda kamar hatimi. Kowane hoto bai wuce akwatin ashana da yawa ba. A cikinsu mutuwa ce, a siffar ƙwarangwal, take bi tana ɗauka: Fafaroma, sarki, alƙali, manomi, har yaro ƙarami a gaban uwarsa.

Ni ɗan 'yan kasuwa ne, don haka biyu suka fi tsaya mini a rai. Attajiri yana tsakiyar dilolin da aka sauke daga jirgin ruwa, mutuwa ta cafke shi. Sai ɗan koli da kaya a bayansa, yana nuna hanyar da zai bi, ita kuwa ta riƙe masa hannun riga. Wallahi kamar kakanninmu fatake da suka yada zango a Zangon Katab, ko waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Kafanchan bayan 1927.

Zamanin Holbein ba na lafiya ba ne. Katolika da Furotesta, maƙwabtan juna, suna ta rikicin addini, har aka farfasa gumakan coci-coci a Basel a 1529. Mu da muka binne mutane a 1987 da 1992 da 2011, Musulmi da Kirista, ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Malamanmu ba sa zana mutum, sai suka yi nasu da baiti. Muhammadu na Birnin Gwari ya yi waƙoƙin wa'azi kan kabari da ƙiyama tun ƙarni na 19. Aliyu Namangi, makahon Zariya da ya rasu a 1990, ya yi Infiraji, aka buga ta a Zariya, almajirai suka haddace. A ganina tamu ta fi isa ga talaka, don hoton Holbein sai mai kuɗin sayen littafi, waƙa kuwa makaho ne zai rera maka ita a bakin rumfa ran kasuwa, kana tsakar awon citta.