Daga 504 Zuwa 508: Fijon Kakuri a Idon Kanikawan Kudenda

Sabuwar mota sau biyu take fitowa. Fitowar farko ta kamfani ce: a kafa rumfa, a gayyato minista da 'yan jarida, a yaye ƙyallen da aka lulluɓe ta da shi, a tafa. Ta biyu kuwa ranar da ta fara shigo mana gareji ce, ko da ƙafarta ko a ɗaure da igiya, mu ɗaga bonet mu ga abin da Bature ya ɓoye a ciki. Mu kanikawan kudancin kogin Kaduna da ta biyun muke lissafi. A zamanin 504 'yan watanni ne tsakanin fitowar biyu, domin malamin makarantar da ya sayi sabuwa fil maƙwabcinka ne. Yau sai mota ta shekara goma ko fiye a hannun wani a Turai ko Amurka kafin magidancin Kudenda ya kama sitiyarinta.

Kamfanin Peugeot Automobile Nigeria, wanda kowa ke kira PAN, an yi masa rajista a ƙarshen 1972, Janar Yakubu Gowon kuma ya buɗe masana'antarsa a Kakuri a 1975. Ba shi kaɗai gwamnati ta kafa a shekarun nan ba. Akwai Volkswagen a Legas, Leyland a Ibadan, Steyr a Bauchi, ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu, da na manyan motocin Fiat a Kano. Sai dai na Kaduna ne ya faɗo a kan gaɓa. A farkon 1975 ɗin aka biya ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji har da ariyas, ga rancen mota da ake cirewa kaɗan-kaɗan daga albashi, motar kuma 'yan dubban nairori ce. Bayan kashe Janar Murtala a cikin baƙar Marsandinsa a watan Fabrairun 1976, gwamnatin Obasanjo ta ɗauki tsarin rage facaka, 504 ta zama motar hukuma tun daga Barikin Dodan har ofishin ƙaramar hukuma. Kamfanin da gwamnati ce babbar mai saye, ma'aikatanta kuma su ne masu bi mata, ba ya bukatar talla.

Akwai wani abu da yaran yanzu ba sa yarda idan an faɗa musu: a jirgin sama ake kawo kayan motar. Shekarar da aka buɗe Kakuri ita ce shekarar da jiragen ruwan siminti suka toshe tashar Legas, jirgi ya yi watanni bai samu wurin sauke kaya ba. Sai kamfanin jiragen sama na UTA ya riƙa ɗauko akwatunan kayan daga Liyon ta Faransa yana saukewa a Kano, tireloli su kwaso su zuwa Kaduna. Injin da giya da ƙarafan bodi duk ta sama suke zuwa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin kuɗin da ke yawo a lokacin, ya kuma nuna inda raunin yake: mu haɗawa muke yi. Taya, batir, gilashi, fenti, wayoyin lantarki da soson kujera an kai ga samun su a gida, amma falankin ƙarfen da ake buga jikin mota da shi bai taɓa fitowa daga Ajakuta ba.

Ban yi aiki a cikin masana'antar ba. Maigidana da ya koya mini sana'a shi ya yi, a ɓangaren injin, kafin ya fito ya buɗe gareji a bakin baifas. Irinsa suna da yawa. Kakuri, Makera, Nasarawa, Tirkaniya da Kudenda duk gidajen hayar ma'aikata ne, na masaƙu da na Fijo da na DICON mai ƙera makamai, idan aka tashi aiki da yamma kekuna da babura sai sun rufe titi. Wanda ya bar kamfani da hannunsa ya fito, da kuma wata ɗabi'a da ba a samu a garejin gargajiya: ba ya ɗaure kan injin sai bi da bi, daga tsakiya zuwa gefe, da sifana mai awo. In ya ga yaro ya sa bututu a jikin sifana yana dannawa da ƙafa, ranar yaron ba zai ci abincin rana cikin kwanciyar hankali ba.

Ita 504 ta cancanci a tsaya a kanta. A 1968 ta fito a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma lashe tseren Safari na Kenya a 1975. Tayoyin baya ke jan ta, farfelar tana cikin bututun ƙarfe wanda dutse ba ya taɓa ta, ƙasanta da tsayi, shokazobarta da dogon numfashi, shi ya sa take shanye gargada ba tare da ta girgiza na ciki ba. Injin lita biyu ne mai kafireto, sarƙa ke juya taimin ɗinsa, ba bel ba. Idan ta mutu a dajin Birnin Gwari, direba ya san abu uku zai duba: mai, wuta, iska. Ya zare tiyo ya zuƙo fetur da baki, ya kankare kwantak da 'yar takardar yashi, ya daidaita tazararsa da kwalin sigari, mota ta tashi. Wagon ɗinta mai layi uku ita ta riƙe tashar Kawo da ta Mando da ta Talbijin shekara da shekaru, ita ce motar asibiti, ita ce ta 'yan sanda. A-kori-kurarta kuma ta kai buhu kasuwar ƙauyen da babbar mota ba ta shiga.

505 ta fito a Faransa a 1979, ba da daɗewa ba Kakuri ta fara haɗa ta. Ta fi faɗi, ta fi kyan ciki, manyan sakatarori da kwamishinoni suka koma kanta. A wurinmu dai babu wani sabon karatu, ƙanwar 504 ce da aka sake wa riga. Abin mamaki ma, wadda aka kawo don ta gaje ta ita ta riga ta barin layi. Turai ta daina yin salun ɗin 504 tun 1983, Kaduna ta ci gaba da yi har wajen 2006, ana ɗan sake mata fuska ana kiranta Bestline.

Kafin nan kasuwa ta riga ta juya. A watan Satumban 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira ƙarƙashin shirin SAP. Kuɗin da ke kusan kafaɗa da kafaɗa da dala ya koma sai ka ba da wajen huɗu kafin ka samu dala ɗaya. Tunda da kuɗin waje ake sayo akwatunan kayan, farashin mota ya yi tashin gwauron zabo, albashi kuma yana nan inda yake. Masana'antar da ta taɓa fitar da dubun-dubatar motoci a shekara ta koma 'yan dubbai. Malamin makaranta ya fita daga layin masu saye, kuma har yau bai dawo ba. Gurbin da ya bari 'yar Kwatano ta cike: motocin Beljiyam da ake saukewa a tashar ruwan Jamhuriyar Benin, wasu su shigo ta Seme, wasu su zagayo ta Gaya da Maraɗi su ɓullo Jibiya. Da su Honda da Toyota suka shiga gidajen da a da ba a san kowace mota ba sai mai tambarin zaki.

Sai 406. A ganina duk tarihin Kakuri ba a yi fitowar da ta raba zamani biyu kamar tata ba. A 1995 aka ƙaddamar da ita a Turai, Kaduna ta fara haɗa ta a daidai dawowar mulkin farar hula, nan take ta zama motar 'yan majalisa, alƙalai, daraktoci da manajojin banki. Mota ce mai daɗin tuƙi, ta kwanta a titi, ba ta shan mai kamar magabatanta, AC ɗinta kuma sai ka nemi bargo. Amma tayoyin gaba ke jan ta, injekta ce ba kafireto ba, bel ke juya taimin, ga birenbos, ga wani akwati a ƙarƙashin dashbod da ake kira BSI wanda fitila, makulli, waifa da hon duk sai sun bi ta wurinsa.

Kanikawan gari da dama suka tarbe ta da ilimin 504, abin da ya biyo baya kuma kowa ya gani. Mota ta ɗan yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai-tsaye ta riƙa juyawa tun daga kunna makulli. Injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, birenbos na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ya yi ta ƙara mai, filogi ya yi baƙi, mai mota ya ce Fijo ta lalace. A lagireto kuma ruwan rijiya ake ɗurawa. Wani ya wanke injin da famfo mai ƙarfi, ruwa ya shiga soket, gobe ya kunna sigina hon ya amsa. Rewaya ya zo da kwan fitilarsa na gwaji yana huda waya ɗaya bayan ɗaya har ya ƙone BSI ɗin gaba ɗaya. Bel ɗin taimin kuwa ba ya kuka kafin ya tsinke, kuma in ya tsinke a guje sai bawul sun lanƙwashe.

“Malam, ka ɗan saurare ta mana, ai kai da kunne kake gane ciwo,” in ji wani dattijo da ya kawo mini tasa tana shaƙewa.

Na ce, “Alhaji, wannan ba ta magana da kunne. Sai an jona mata kwamfuta.”

Ya dube ni kamar na ce a kai ta wurin boka. Na'urar PP2000 da ke karanta ciwon Fijo a lokacin ba kowane gareji ke da ita ba, mai ita kuma kuɗin jonawa daban yake karɓa kafin a taɓa ko ƙusa ɗaya. Waɗanda suka koya suka ci abinci. Waɗanda suka ce su ba ɗalibai ba ne suka koma jiran tsofaffin 504 da ke raguwa kullum. Sunan da 406 ta yi na wai mota ce mai aljanu, rabinsa mu muka jawo mata.

Abin da ya fi komai karya kamfanin bai shafi inji ba. A 2003 gwamnatin tarayya ta kawo tsarin biyan ma'aikata kuɗi a maimakon saya musu motar ofis. Wanda aka damƙa wa kuɗi a hannu ba dole ya nufi Kakuri ba, sai ya nufi dillalin Honda ko Kamri. A ƙarshen 2006 aka sayar da mafi yawan hannun jarin ga ASD Motors na Alhaji Sani Dauda. Michelin ta rufe masana'antar tayarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas. Nan gida masaƙar KTL ta riga ta rufe tun 2002, ta UNTL ta tsaya a 2007, ɗakunan haya a Kudenda da Nasarawa suka zama sai mai so. Bashi ya taru, hukumar AMCON ta karɓi PAN a 2012. Tsarin motoci na gwamnatin Jonathan a 2013 ya ɗora harajin kashi 70 cikin ɗari a kan motar da aka shigo da ita a haɗe, PAN ta farfaɗo ta fara haɗa 301 a 2014, sai dokar kuɗi ta 2020 ta zaftare rabin harajin nan daga kashi 35 zuwa 5. Mai zuba jari a masana'anta shekara ashirin yake hange, dokar kuwa ba ta cika takwas ba. A 2020 kamfanin Nesbitt ya sayi PAN, tambarin zakin kuma ya koma sabon kamfanin Dangote Peugeot da ke kan hanyar Abuja, wanda ya fara fitar da 301 a 2022.

A tsakiyar wannan rikici 508 ta zo. Samfurin farko ya shiga kasuwar Turai a 2011 ya maye gurbin 407 da 607, na biyu aka nuna shi a Janiba a watan Maris na 2018: rufi ƙasa-ƙasa, ƙofofi marasa firam, ƙaramin sitiyari, allo a maimakon agogo, injin lita 1.6 mai tobo. Kyakkyawa ce, ban musa ba. Amma wa aka yi wa ita a nan? Mai kuɗin sayen sabuwa ya koma jif, gwamnatoci Prado da Hilux suke oda, ko a Turai ma 3008 da 5008 sun janye masu sayen salun. Magidanci mai mata da 'ya'ya biyar, mai kai buhun masara gida da sallah, ƙasan mota yake fara dubawa, ya tuna kwazazzabon layinsu da damina, ya wuce.

Yanzu da tsofaffin 508 suka fara shigowa a matsayin Beljiyam, masu niyyar saye kan biyo su tambaye ni. Nakan ce su fara duba ko akwai mai kwamfutar da ya san ta kusa da gida, su tambayi 'yan kasuwar Panteka kuɗin famfon mai da sarƙar taimin kafin su biya dillali, su kuma yi alkawarin ba za su zuba mata baƙin mai na kwalba ba, domin tobo ba ya yafe wannan. Wanda ya amsa duka ukun ya saya, zai ji daɗinta a hanyar Zariya. Mafi yawansu dai daga nan Corolla suke nufa, wasu kuma su nemi tsohuwar 406 haɗin Kakuri mai lafiyar bodi, mu sauke mata injin mu ɗora wani da aka ciro daga bolar motoci a Turai.