Kastanar Doki: Tarihin Magani da Gubar Wata Bishiyar Turai

Kastanar doki, wadda masana tsirrai ke kira Aesculus hippocastanum, doguwar bishiya ce mai inuwa da ta cika titunan biranen Turai. Ganyenta yakan rabu biyar zuwa bakwai daga tushe ɗaya, takan yi farin fure a watan Mayu, sannan da kaka ta zubar da 'ya'ya a cikin koren ɓawo mai gajerun ƙayoyi. Idan ɓawon ya tsage sai ƙwallo ya fito, ja-ja mai sheƙi, girmansa kamar na goro. A kan wannan ƙwallo ne aka shafe fiye da shekara 400 ana ja-in-ja, domin littattafai sun saɓa wa juna a kan asalin bishiyar, da shekarar da ta shiga Yammacin Turai, da ma cutar da take warkarwa.

Rubutu na farko da aka tabbatar ya fito ne daga Istanbul a zamanin Sarki Sulaiman na Daular Usmaniyya. A 1557 wani likita mai suna Willem Quackelbeen, wanda ke aiki da Busbecq, jakadan gidan sarautar Habsburg, ya rubuta wa masanin tsirran nan na Italiya, Pietro Andrea Mattioli, wasiƙa. Ya shaida masa cewa Turkawa suna ba doki ƙwallo uku ko huɗu idan yana fama da ciwon ƙirji, musamman tari da tsutsar ciki. Ashe maganin dabba ne tun farko, kuma daga nan sunan doki ya manne wa bishiyar. Akwai masu cewa sunan ya samo asali ne daga tabon da ganye ke bari a reshe idan ya faɗi, mai kama da takalmin ƙarfe na doki. Tabon yana nan, kowa na iya ganinsa, amma wasiƙar shaida ce ta mutumin da ya ji daga bakin masu dawakin, don haka ta fi ƙarfi. Quackelbeen bai ga inda labarinsa ya kai ba, annoba ta kashe shi a Istanbul a 1561. Zanen reshen ya fito a littafin Mattioli da aka buga a Prague a 1563.

Shekarar da bishiyar ta isa Biyana ita ma da saɓani. Yawancin littattafai sun ce a 1576 masanin tsirrai Carolus Clusius ya same ta daga hannun wani jakadan, David Ungnad, wasu kuma sun ce 1581. Abin da babu gardama a kai shi ne ta hanyar jakadun Istanbul ta bi. Ta isa Paris a 1615. Da yake daga gabas aka kawo ta, sai Turawa suka ɗauka 'yar Indiya ce, har yau ma Faransawa da sunan Indiya suke kiranta. Sai a 1879 masanin tsirrai Theodor von Heldreich ya tabbatar da cewa a duwatsun arewacin Girka take tsirowa da kanta. Asalinta yankin Balkan ne: Girka, Albaniya, Masedoniya ta Arewa da wani ɗan kurmi a Bulgeriya.

A ƙarni na 18 an gwada ɓawon jikin bishiyar a kan zazzaɓi a madadin ɓawon sinkona da ake samun kwinin daga gare shi, aka sake waiwayarsa lokacin da yaƙe-yaƙen Napoleon suka toshe hanyar jiragen ruwa. Bai maye gurbin kwinin ba. Mutanen karkara a Jamus kuma sukan sa ƙwallon a aljihu don kariya daga sanyin ƙashi, al'adar da babu wani gwaji da ya mara mata baya.

Tarihin da ya shafi asibiti ya fara ne a 1896, lokacin da likitan Faransa Artault de Vevey ya ba da rahoton amfani da jiƙon ƙwallon wajen maganin basir. Daga nan hankali ya koma kan jijiyoyin jini, kuma Jamusawa ne suka riƙe aikin. A 1960 masu bincike Lorenz da Marek suka nuna cewa sinadarin da ke aiki shi ne esin. Aikinsa shi ne rage yoyon ruwa daga ƙananan jijiyoyi zuwa cikin nama, da ƙara wa bangon jijiyar ƙarfi. Cutar da ya dace da ita ita ce raunin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya. Mai wannan ciwo yakan wuni a tsaye, da yamma idon sawunsa ya kumbura har bakin safa ya bar shaida a fata, ƙafa ta yi nauyi, ga ƙaiƙayi, ga ɗaurewar sha-raɓa cikin dare. Kwamitin E na hukumar lafiyar Jamus ya amince da tataccen ƙwallon don wannan cuta.

Gwajin da aka fi ambata shi ne na Diehm da abokan aikinsa, wanda mujallar Lancet ta buga a 1996. Majinyata 240 aka raba kashi uku na tsawon mako 12. Wasu suka sa safar roba mai matse ƙafa, wasu suka sha tataccen magani mai miligiram 50 na esin sau biyu a rana, sauran aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Kumburin masu safa ya ragu da mililita 46.7, na masu maganin da 43.8, na kashi na uku kuwa ƙaruwa ya yi da 9.8. Wato ƙwayar ta kusa kamo safar, kuma wannan babban abu ne ga tsohon da ba ya iya sunkuyawa ya jawo safa mai tauri kowace safiya. Bitar ƙungiyar Cochrane da Pittler da Ernst suka yi, a sabuntawar 2012, ta duba gwaje-gwaje 17 ta ga sauƙi a ciwo da kumburi da ƙaiƙayi. Sai dai masu bitar sun ja kunne cewa gwaje-gwajen na ɗan lokaci ne, ana buƙatar manya. Basir da sauran cututtukan da masu talla ke jerowa ba su da hujja mai wannan nauyi.

Duk wannan magana a kan tataccen magani ne da aka auna a masana'anta. Ɗanyen ƙwallo, ganye, fure da ɓawo guba ne. Suna ɗauke da sinadarin eskulin, ga ɗanyen sinadarai masu kumfa da ke ƙona ciki. Wanda ya ci yakan yi amai, gudawa da murɗar ciki, idan ya ci da yawa abin na iya tsananta, yara ne kuma suka fi shiga haɗari. Tataccen ma yana iya jawo jiri, tashin zuciya, ciwon kai ko ƙaiƙayi. Ana gargaɗin masu shan maganin tsinka jini irin su wafarin, da masu ciwon ƙoda ko hanta, da masu juna biyu da masu shayarwa, kada su sha sai da izinin likita. An kuma samu rahotannin lalacewar ƙoda bayan an yi allurar esin ta jijiya fiye da kima.

Sau da yawa guba daga kuskure take zuwa, domin akwai wata kastanar mai zaƙi da ake gasawa ana ci da hunturu, wadda ba dangin kastanar doki ba ce. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Faransa, Anses, ta duba rahotannin cibiyoyin guba daga 2012 zuwa 2018, ta gano cewa rikita waɗannan biyun shi ne kashi 11 cikin 100 na duk rikita tsirran da aka kai rahoto. Ɓawon ta ci cike yake da dogayen ƙayoyi sirara, a ciki akwai ƙwallo biyu ko uku masu faɗin gefe da tsini a kai. Ɓawon ta doki ƙayoyinsa gajeru ne jefi-jefi, ƙwallonsa yawanci guda ɗaya ne, mulmulalle, kuma da ɗaci a baki.