Tarihin Maganin Wankin Hoton Baƙi da Fari

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Tsofaffin hotunan da ke rataye a ɗakunan iyayenmu, na hawan sallah da na 'yan makaranta, akasarinsu baƙi da fari ne, kuma babu wanda ya fito sai da aka tsoma fim ɗinsa cikin maganin wanki a cikin duhu. Wannan magani ne ke baƙanta sinadarin azurfar da haske ya taɓa a jikin fim, har siffa ta bayyana.

A shekarar 1891 kamfanin Agfa na Jamus ya fito da Rodinal, wanda Momme Andresen ya haɗa. Ruwa ne mai ƙarfi, akan sirka kashi 1 da kashi 25 ko 50 na ruwa, a yi wanki sau ɗaya a zubar. Hotonsa na fita tangaran, sai dai da ɗan burtsi-burtsi, kuma kwalbarsa kan yi shekaru ba ta lalace ba. A 1927 kuma kamfanin Kodak na Amurka ya fito da D-76, gari ne da ake narkarwa, hotonsa ya fi sumul. ID-11 na kamfanin Ilford na Ingila kusan haɗinsu ɗaya. Amma da zarar an narkar da garin, ba ya wuce wata 6 ko da a cikakkiyar kwalba rufaffiya.

Babbar matsalar ƙasashe irin namu ita ce zafi. An tsara waɗannan magunguna ne don aiki a ma'aunin zafi 20, in ruwa ya ɗumama ainun sai fuskar fim ta yi laushi ta kumbura. Dalili ke nan Kodak ya tanadi DK-15 domin ƙasashe masu zafi, da wani gishiri mai hana kumburin.

Ko da kamfanin AgfaPhoto ya durƙushe a 2005, Rodinal bai mutu ba, kamfanin Adox ya ci gaba da haɗa shi. Saboda haka shawararmu ga matasanmu masu sha'awar wannan sana'a a gida ita ce: mai wanki jefi-jefi ya riƙi Rodinal, mai finafinai da yawa ya ɗauki D-76, kowa kuma ya nemi ruwan randa da sanyin asuba. Fim sau ɗaya ake wanke shi, in ya ɓaci, tarihin ranar ya tafi ke nan. Allah Ya sa mu dace.