Gwadon Sadaka

Kowace shekara, da an gama girbin gero, kafin hunturu ya kankama, kakata takan shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu da ke Shagari, mata su hallara da allura da zare. Kowace da abin da ta tsinto: zanen da ya tsufa, ragowar atamfa daga wurin tela, wani lokaci ƙyallen farin saƙi. Sai a jera su ninki uku, a bi da ɗinki layi-layi har ya zama gwado mai kauri. Ba a sayarwa. Na farko na mai jegon da ba ta da hali ne, na biyu na tsohon da ya rasa mai kula da shi, sauran a kai makarantar allo, inda almajirai ke kwana a bakin toka. Ni aikina zura zare a kafar allura, don idanun tsofaffin sun fara gazawa.

Wata rana wata baƙuwa daga birni ta tarar da su suna ɗinki. Ta yaba, ta ce haka matan Amurka suke yi, sannan ta tambayi wace ƙungiya ce ta koya musu. Kakata ko kai ba ta ɗaga ba, ta ce, "'Yar nan, aikin Nana ne." Sai da na yi nisa a karatu na gane wace Nana take nufi.

Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce ga gidansu: Shehu ya zauna a Sifawa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Bayan shekarun jihadi karkara ta cika da zawarawa da marayu da matan da yaƙi ya raba da garuruwansu. Cikin wannan hali Nana ta kafa tsarin 'Yan Taru. Takan naɗa wa dattijuwa malfa da jan ƙyalle, ta zama jaji, ta riƙa jagorantar tsofaffi da 'yan mata daga ƙauyensu zuwa wurinta ɗaukar karatu. Matan aure da ba su iya barin gida sukan ba da saƙo: hatsi, zuma, man shanu, zare, tufa. Nana ta karɓa ta raba wa mabukata. Da ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon tsarin.

A zaren nan nake so mai karatu ya dakata. A wancan zamani kaɗi shi ne dukiyar mace. Ita ke gurzar auduga, ta shiɓe ta, ta murza mazari da alli a yatsa, kwana da kwanaki, kafin masaƙi ya mayar da zaren siraran ƙyallaye waɗanda dole a haɗa su da allura kafin su zama mayafi. Wadda ta ba da zare sadaka, kwanakinta ta bayar. Haɗa ƙyalle da ƙyalle kuwa ba mu jira kowa ya koya mana ba. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, yadin kanti ya yi ta danne saƙi, daga baya bargon gwanjo ya ƙarasa shi. Mazari ya koma ƙarƙashin gado, amma taron mata da allura ya saura.

Jean Boyd, wadda ta rubuta littafi kan Shehu tare da Alhaji Shehu Shagari a 1978, ta fitar da tarihin Nana a 1989. Waƙoƙin Nana sun tsira domin takarda ta riƙe su. Gwado kuwa ba ya shiga ɗakin ajiyar tarihi. Ana lulluɓa da shi har ya yage, a yi tsumma da shi. Shi ya sa, a ganina, muka san abin da matan nan suka haddace fiye da abin da hannuwansu suka yi.

Kakata ta rasu. Cikin abokan ɗinkinta uku suka rage, kuma babu budurwar da ta zauna koyo. Bara gwado huɗu suka haɗa. Na je na zura musu zare, ɗayarsu ta ce in zo da wuri bana, don tana jin sanyin zai yi tsanani.