Haske Ɗan Aike Ne, Ba Ma'aji Ba: Martani Kan Kwamfutar Kwantam Ta Haske Zalla

Tun da Knill, Laflamme da Milburn suka nuna a 2001 cewa ana iya lissafin kwantam da ƙwayoyin haske, madubai da na'urorin ganowa kawai, wasu masana ke ɗaukar cewa an gama da zarra a wannan fage. A ganina an yi gaggawa.

Hujjar waɗannan masanan ba ta wasa ba ce. Suna cewa ƙwayar haske ba ta cika hulɗa da abin da ke kewaye da ita ba, don haka bayanin da ta ɗauko ba ya saurin lalacewa, alhali kubit (ma'ajin bayanin kwantam) irin na IBM da Google sai an sanyaya shi ƙasa da digiri ɗaya na ma'aunin Kelbin. Haka ne. Sai dai wannan rashin hulɗar shi ne kuma cikas ɗin: ƙwayoyin haske biyu kan ratsa juna ba tare da ɗaya ta taɓa ɗaya ba, shi ya sa ƙofar lissafin da aka gina a kansu wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi. (Na'urorin ganowar ma, ai sanyi suke so.) Za su ce a yawaita ƙwayoyin, a gyara kurakurai. Wataƙila hakan ya yiwu a cikin injin guda; ban musa ba.

Da'awata ta tsaya ne kan nisa. Wayar gilashi ta intanet na cinye kusan rabin hasken da ke cikinta a kowace kilomita 15. A shimfiɗa ta daga Hotoro zuwa Zariya, kimanin kilomita 150, ƙwaya ɗaya cikin dubu ce za ta isa. Kuma ba a kwafar bayanin kwantam balle a ƙara masa ƙarfi a hanya, kamar yadda Wootters da Zurek suka tabbatar a 1982. Dole a sami zango, wani abu da zai riƙe bayanin har saƙo na gaba ya iso.

An gwada haɗa haske da irin wannan abu: a Delft ta Holan, a 2015, ƙungiyar Ronald Hanson ta sarƙa lantarki biyu da ke cikin lu'ulu'u, tsakaninsu kilomita 1.3, ta hanyar haske. Sau 245 kacal aka dace cikin awa 220. Wannan jinkirin bai nuna gazawar lu'ulu'un ba. Ya nuna cewa mahaɗar haske da abu ce ke da rauni. Can ya kamata kuɗin bincike su tafi.