Taliyar Lanzhou: tarihi a cikin kwanon romo

Wani ɗan kasuwar Maraɗi, uban ɗaya daga cikin ƴan ajina, ya taɓa ba ni labarin cewa a Guangzhou ba shi da wurin cin abinci sai wata ƴar rumfa mai koren allo, inda Musulmi ƴan ƙabilar Hui ke sayar da taliya cikin romon naman sa. Halal ce, ga araha. Da na tambaye shi asalinta sai ya yi dariya, ya ce shi dai ciki ya kai shi.

Taliya ta daɗe a ƙasar Sin. A 2002, masu haƙa kayan tarihi a Lajia, cikin lardin Qinghai, sun ci karo da wani kwano a kife ƙarƙashin laka, da zaren taliya a ciki mai kusan shekara 4000. Suka ce da dangin gero aka yi ta. Ranar da na faɗa wa yara haka, ajin ya kaure da musu: gero kuma, na fura?

Ita wannan ta rumfa ba ta kai haka tsufa ba. Ana danganta ta da Ma Baozi, wani Bahui talaka na birnin Lanzhou, a bakin Rawayen Kogi, wanda a 1915 yake yawo da tukunya rataye a sandar kafaɗa. Romon ne jarinsa: nama da ƙashi su kwana kan wuta da kayan ƙamshi, ana kwashe kumfa har ruwan ya yi garau. Ƙullin alkamar kuwa ana sa masa ruwan tokar wani tsiron hamada don ya yi danƙo, kusan aikin da kanwa ke yi mana a ɗanwake. Sai mai ja ya miƙa shi, ya ninka, ya sake miƙawa. Kowane ninki yana ruɓanya zaren. Ninki bakwai ya ba da 128. Malaman lissafi, ga misali kyauta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka bazu da ita. Da yawa daga rumfunan da ke ɗauke da sunan Lanzhou ba na mutanen Lanzhou ba ne. Na mutanen Hualong ne, wata gunduma mai duwatsu da fari a Qinghai, waɗanda tun wajen shekarun 1980 suka fara fita cin rani da wannan sana'a. Yaro ya fara da wanke kwanuka wurin kawunsa, ya koyi ja, ya buɗe tasa, ya kira ƙanensa. Duk wanda ya san yadda mutanenmu suka kai suya da kilishi har Abijan da Akara ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Littafin tarihin da nake koyarwa da shi cike yake da sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ban ga mai talla ko ɗaya a ciki ba.